Ido, Jini da Kashi: Yadda Za Mu Gane Tsutsar Ciki a Garke, Mu Kuma San Magani Ya Ci



Duk shekara idan watan Agusta ya raba, akwai abin da ke ɗaure wa masu tumaki da awaki kai, tun daga Sukukutan da Dogonkiriya har Gesheme da Tibiri. Haki ya yi kore shar, tabkuna sun cika, bisashe na ci har su ƙoshi, amma wasu sai ramewa suke yi. Tunkiya ta riƙa zama baya in garke ya tashi, gashinta ya hargitse, wani lokaci a ga kumburi mai laushi ƙarƙashin haɓarta kamar an ɗura ruwa. Ba lalle ne ta yi zawo ba. Wata safiya sai a tarar ta kasa tashi, a nemi wuƙa da gaggawa. In an yanka, nama fari fat, jini kuwa tsararo kamar ruwan wankin nama.

Aikina shi ne zagayawa wurin ƙungiyoyin makiyaya a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri tare da likitocin dabbobi da mataimakansu na ƙauyuka. Tambayar da aka fi yi mini a wannan lokaci ita ce wane magani ya fi ƙarfi. Ni kuma nakan ce akwai tambayoyi biyu da suka riga ta. Wace bisa ce ke bukatar magani? Bayan an ba ta, ta yaya za a san ya ci? Ta farko ido da awon jini ke amsa ta, ta biyu kuma awon kashi.

Ɓarawon da ke shan jini

Tsutsotsin ciki iri-iri ne, amma wadda ta fi kashe tumaki da awaki da damina ita ce wadda likitoci ke kira Hemonkus. Tana zama a ɗaki na huɗu na cikin dabba, na ƙarshe kafin hanji. Tsawonta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, siririya kamar zare. Wanda ya buɗe wannan ɗaki bayan yanka ya duba da kyau zai ga macen da zane ja da fari a murɗe kamar igiya. Jan nan jinin tunkiyarku ne.

Kowace tsutsa ɗaya kan jawo asarar jini kamar ɗigo ɗaya a yini. Ɗigo ba komai ba ne, amma tsutsa 1,000 na zubar da kusan mililita 50 a yini, wato kusan cikin ƙaramin kofin shayi. Tunkiya mai kilo 30 jininta duka bai wuce lita 2 ba. Ku lissafa abin da za ta rasa cikin kwana goma, ga kuma ɗa yana tsotso.

Macen tsutsar kan zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a yini, su fito cikin kashi. In akwai danshi da ɗumi, cikin mako guda sun ƙyanƙyashe sun zama ƴan tsutsotsin da ido ba ya gani, su hau gindin haki tare da raɓa. Bisa ta ci, bayan mako uku su ma sun fara nasu ƙwan. Shi ya sa wurin da garke ke kwana, da bakin tabki, da ƴar makiyayar da ta rage tsakanin gonaki inda kowa ke turke nasa, su ne suka fi haɗari. A cikin Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa kuma ƙasa ke daɗewa da danshi, lokacin kamuwa ya fi tsawo a kan na tudu.

Da rani ya shigo, rana na kashe waɗanda ke ƙasa. To daga ina suke dawowa kowace shekara? Masu bincike a Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa ƴan tsutsotsin da bisa ta haɗiya a ƙarshen damina sukan laɓe cikin bangon cikinta, su daina girma, su yi kwance duk tsawon rani. Da damina ta gabato sai su farka. Ashe iri na cikin garken kansa.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima

Tunda aikin wannan tsutsa shan jini ne, hanya mafi sauƙi ta gane wadda ta kama ita ce duba yawan jinin bisa, kuma fatar ido ta ƙasa na nuna shi. A Afirka ta Kudu, inda tsutsar ta gagari magunguna da dama, likitocin dabbobi sun fito da wani kati a shekarun 1990 mai suna FAMACHA, daga sunan Dakta Faffa Malan. Katin na da launi biyar: 1 ja sosai, 2 ja mai haske, 3 tsaka-tsaki, 4 ya kusa fari, 5 fari fat.

Ga yadda nake nuna wa mutane. A fito da bisa fili da rana, kada a duba cikin ɗaki ko da tocila. A sa babban yatsa a rufe fatar ido ta sama, a ɗan danna a hankali, ɗaya babban yatsan kuma ya ja fatar ƙasa. Naman ciki zai bullo. A kwatanta da katin nan take, don in an daɗe ana riƙe da shi yakan yi ja ya ruɗi mutum. A duba ido biyu, a ɗauki wanda ya fi fari. Idon da ƙura ta shiga ko mai ciwo shi ma yakan yi jan ƙarya.

Mai lamba 1 da 2 a bar ta. Mai lamba 4 da 5 a ba ta magani ranar nan. Mai lamba 3 a ba ta in akuya ce, ko ƙaramar bisa, ko mai shayarwa, ko ramammiya. Da damina a riƙa dubawa kowane mako biyu. Katin na tumaki da awaki ne, ba a yi shi don shanu ba. Mata da yara da ke kula da awakin gida sukan iya shi da wuri, domin sun san kowace akuya da halinta.

Wanda ya fara wannan dubawa zai lura da wani abu: yawanci kaɗan ne daga cikin garke ke fari, kuma su ɗin ne dai ke maimaitawa. Haka abin yake ko'ina. Ƴan tsiraru ne ke ɗauke da mafi yawan tsutsar garke.

Abin da awon jini ke faɗa

Ido kimantawa yake yi, awon jini kuma shi ke ba da lamba. Likita kan ɗebi jini kaɗan daga jijiyar wuya ya zuba a ƴar kwalba mai shuɗin murfi mai ja-ja, wadda ke da sinadarin hana jini daskarewa. Daga nan a cika wani siririn bututun gilashi kamar tsinken tsintsiya, a toshe gindinsa, a sa a injin da ke juya shi da sauri na minti biyar. In an fito da shi jinin ya rabu: jajayen ƙwayoyi a ƙasa, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa a sama, da wani siririn layi fari a tsakani. Sai a auna tsawon jan.

Tunkiya mai lafiya jan kan kai 27 zuwa 45 cikin 100, akuya 22 zuwa 38, saniya 24 zuwa 46. Tunkiyar da ta sauko tsakanin 18 da 22 ita ce mai lamba 3 a kati. Wadda ta sauko 12 ko ƙasa tana bakin mutuwa, ko kora mai tsawo zuwa rijiya na iya kayar da ita. Irin wannan a bar ta gida a inuwa, a kawo mata ruwa da abinci.

Akwai abin da nake so kowa ya riƙe. Tsutsar ciki ba ta yawo cikin jini, saboda haka wannan awo ba ya ganinta, ɓarnarta yake aunawa. Kuma ba ita kaɗai ke tsotse jini ba. A yankinmu akwai abubuwa huɗu da ke iya sa ido ya yi fari kamar yadda take yi.

Na farko sammore. Shanun da suka gangara kudu da rani, wajen Gaya da Dandi da gaba, suna iya dawowa da shi daga cizon tsando, kuma wasu ƙudaje masu cizo na iya ɗaukar wani irinsa daga saniya zuwa saniya har a nan gida. Shi kam ana ganinsa a jini. Likita kan duba siririn farin layin nan na bututu da madubin likita, ya ga ƙwayar cutar na motsi. Sai dai dole a duba cikin ƴan awoyi bayan ɗibar jinin. Na biyu cututtukan da kaska ke kawowa, su ma ana ganinsu in an shafa jini a gilashi aka rina. Na uku tsutsar hanta. Na huɗu yunwa, musamman da bazara, lokacin da jiki ba ya samun abin da zai ƙera sabon jini da shi.

Maganin kowanne daban. Wanda ya yi wa tunkiya allurar Berenil alhali tsutsa ce ke damunta ya yi asarar kuɗinsa, haka wanda ya ɗura wa saniya mai sammore bolis na tsutsa. Ƴar kwalbar jini ɗaya na raba wannan gardama.

Tsutsar hanta da tabkunan Dallol

Tsutsar hanta, wadda Fulani da yawa ke kira balku, faffaɗa ce kamar ganye, mahauta sun san ta sarai domin ita ke sa ma'aikacin kiwo ya hana sayar da hanta. Ba ta iya rayuwa sai ta bi ta cikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa, saboda haka bisashen da ke kiwo a bakin tabki mai daɗewa da fadama su suka fi kamuwa, galibi da kaka da rani sa'ad da ruwa ke ja baya ana bin ɗanyen haki.

Wahalarta ita ce takan yi kamar wata uku ko fiye tana ratsa hanta kafin ta fara zuba ƙwai. A wannan tsakani awon kashi ba zai nuna komai ba. Akwai wani awon jini na manyan ɗakunan gwaji da ke gano alamar da jiki ke fitarwa don yaƙar ta, tun makonnin farko. Amma alamar na daɗewa a jini watanni bayan tsutsar ta mutu. Wato yana iya gaya muku garke ya haɗu da ita, ba zai iya gaya muku magani ya ci ba. Ku kuma sani allurar ivermectin ita kaɗai ba ta kashe tsutsar hanta, albendazol kuma manyan kawai yake kashewa, shi ma sai an ƙara yawansa. Mai kashe ƙananan shi ne triklabendazol. Wannan zaɓi na likita ne.

Kwana 14 bayan magani

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A nan ne yawancinmu ke tsayawa: an ba da magani, an ga bisa na tafiya, shi ke nan. Ga yadda ake gwadawa.

Ranar da za a ba da magani, a zaɓi bisashe 10 zuwa 15 daga cikin waɗanda za a ba, a yi musu alama. A ɗebi kashin kowacce, ko dai daga jikinta da safar hannu ko wanda ta zubar yanzun nan, kamar ƙwaya goma. A sa a leda, a matse iska, a ɗaure, a rubuta sunan bisa ko lambarta, a ajiye a sanyi amma kada ya ƙanƙare. In an bar shi a zafi, ƙwan zai ƙyanƙyashe cikin yini guda ko biyu, lissafi ya lalace. A ɗakin gwaji ana dama kashin da ruwan gishiri mai kauri, ƙwai ya taso sama, a ƙirga nawa ne a giram ɗaya. Bayan kwana 14 a sake ɗiba daga waɗannan bisashen dai, a sake ƙirgawa.

Magani mai aiki ya kamata ya rage ƙwai da 95 cikin 100 ko fiye. A ce ranar farko an samu ƙwai 1,000 a giram, to rana ta 14 kada ya wuce 50. In aka tarar da 300 ko 400, akwai matsala.

Jini shi a hankali yake dawowa. A mako biyu ana so a ga ido ya fara ja kuma lambar jini ta ɗan hau, amma cikawarsa na ɗaukar makonni, kuma sai da abinci mai kyau: harawa, dusa, kowar wake, ƴaƴan gawo, da gishirin lasa. Idan aka jera sakamakon biyu, ga abin da suke nufi. Ƙwai ya ragu, jini ya hau: magani ya ci. Ƙwai ya ragu amma jini bai motsa ba: tsutsar ciki ta mutu, saura wani abu, a nemi tsutsar hanta ko sammore ko ƙarancin abinci. Ƙwai bai ragu ba: laifin na wurin magani ne ko wurin yadda aka ba da shi.

In magani bai ci ba

Dalili uku ne. Na farko maganin kansa. Wanda aka shimfiɗa a tabarma a kasuwa rana na dukansa, ko wanda kwanansa ya ƙare, ko jabu da ke shigowa ba takarda, babu mai iya rantse muku abin da ke ciki. Na biyu ƙarancin awo: a raba bolis ɗaya wa awaki uku, ko a kimanta nauyin rago da ido a rage, ko bisa ta tofar ba a gani ba. Igiyar awon ƙirji na taimakawa wajen sanin nauyi, kuma in za a ba bisashe masu kusan girma ɗaya, a auna da nauyin babbar cikinsu. Akuya jikinta na saurin narkar da magani, tana bukatar fiye da tunkiya mai nauyinta, sai a tambayi likita nawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: rabin magani masu rauni kawai yake kashewa, ya bar masu taurin kai su hayayyafa.

Na uku shi ne mafi muni, wato tsutsar ta saba da maganin. Ana tabbatar da haka ne in an sake gwajin da magani ingantacce, da awo daidai, amma ƙwai ya ƙi raguwa. A nan sai a sauya dangin magani. Dangi uku ne a hannunmu: na albendazol da ƴan uwansa, na lebamizol, da na ivermectin. Sauya kwali ko sunan kamfani ba sauya dangi ba ne, a karanta sunan sinadarin da ke ciki. Tsutsar da ta gagari albendazol ta gagari sauran danginsa, kuma in ta saba, ba ta cika komawa baya ba.

Wannan shi ne dalilin da ya sa nake roƙon kada a riƙa ɗura wa garke duka magani a kai a kai. Tsutsotsin da ke cikin bisashen da ba a ba magani ba har yanzu suna jin magani, kuma su ke gauraya da masu taurin kai su rage musu yawa. Abin ya fi muhimmanci a ƙarshen damina. Maganin kaka na da amfani ga ƙanana da ramammu da waɗanda suka yi fari, don ya kashe masu laɓewa kafin rani. Amma in an ba kowa da kowa lokacin da rana ke ƙone na ƙasa, waɗanda suka tsira daga maganin su kaɗai za su zama irin baɗi. A bar manya masu ƙiba da jan ido.

Tunkiyar da ke komawa lamba 4 sau biyu ko uku a damina ɗaya alhali ƴan uwanta na nan garau, ita ce ta fi dacewa da kasuwa, kuma kada a bar ɗanta ya zama ragon garke. Juriyar tsutsa ana gadonta.

Sai hattara uku. Kada a ba albendazol ga bisar da ta ɗauki ciki a watan farko, yana iya lalata ɗan. Lebamizol in ya yi yawa yana kisa. Kowane magani kuma yana da kwanakin da ba a shan nono ko cin nama bayansa, suna rubuce a jikin kwalin. Yaranmu ne ke shan nonon nan.

Aikin ƙungiya

Mutum ɗaya mai awaki biyar ba zai ɗauki kashi ya nufi Yamai ba, tafiyar fiye da kilomita 270 daga Dutsi. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bisashen gari ɗaya makiyaya ɗaya suke bi, tabki ɗaya suke sha, galibi kuma wuri ɗaya ake sayen magani, saboda haka gwajin bisashe 15 na iya ba gari duka labarin maganin da suke amfani da shi. Ƙungiya ta haɗa kuɗin, sau ɗaya a damina ya isa.

Hanyar na nan. Tun farkon shekarun 2000 Nijar ta fara tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya, wanda ake kira SVPP, aka fara gwada shi a Dakoro kafin ya bazu. Likita ɗaya ne da mataimaka a ƙauyuka. Akwai kuma ma'aikatan kiwo na gwamnati a kowace gunduma da komin, sannan babban ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa, LABOCEL, a Yamai. Ku fara da mataimakin garinku ko ma'aikacin kiwo na komin ɗinku, ko a Matankari kuke ko Kiyeshe ko Dankasari, ko Dumega ko Kore Mairuwa. Shi zai gaya muku wane awo ake iya yi kusa, wanne kuma sai an aika. Ku tsayar da ranar kai samfur da shi tun kafin ku ɗiba, don kada ya kwana a zafi.

Ku tuna allurar rigakafin da ake yi wa dabbobi kowace shekara ta ciwon huhun shanu ce da annobar tumaki da awaki. Ba ta taɓa tsutsa. Amma ranar da aka tara bisashe don ita dama ce ta duba idon kowacce.

Abu na ƙarshe shi ne littafi. Magatakardan ƙungiya ya tanadi littafi ɗaya: sunan mai bisa, kamannin bisar, lambar ido, ranar magani, sunan sinadari da yawansa, inda aka saya, da sakamakon rana ta 14. Bayan damina biyu littafin nan zai nuna muku watan da tsutsa ke tasowa a garinku, da bisashen da ke cinye kuɗin magani, da maganin da ya daina aiki. A taronku na wannan wata ku zaɓi mutum biyu, mace da namiji, waɗanda za su koyi duban ido a wurin likita, ku sa ranar dubawar farko.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana garke.